Yaro Ɗaya, Iyayen Gida Biyu

Kowace shekara idan an kammala jarrabawar ƙarshe, mukan raka 'yan'uwanmu ɗalibai bakin ƙofar jami'a da murna da addu'a, sa'an nan mu juyo mu ci gaba da sha'aninmu, ba mu ƙara tambayar inda suka faɗa. Sukan tafi bautar ƙasa su dawo, su yi ta yawo da takardu cikin ambulan daga wannan ofis zuwa wancan, har wata rana a ji labari cewa wane ya sami aiki a banki, wance kuma tana kamfanin waya. Sai gida ya cika da 'yan barka, iyaye su ce wahala ta ƙare. Amma da za a zauna da wanen nan a roƙe shi ya nuna takardarsa ta ɗaukar aiki, sau da yawa za a tarar cewa sunan da ke bisa kanta daban yake da sunan da ke jikin ginin da yake shiga kowace safiya. Bankin da yake yi wa aiki bai ɗauke shi ba. Wani kamfani ne can dabam ya ɗauke shi, sa'an nan ya ba da shi haya.

Waɗannan kamfanoni su ne batunmu a wannan fitowa. Su da kansu suna kiran sana'arsu kula da harkokin ma'aikata, watau su nemo wa wani kamfani mutane, su tantance su, su horar da su, su riƙa shirya albashinsu, kuma idan an gaji da su su rubuta musu takardar sallama. Mu kuwa za mu kira su da sunan da Bahaushe zai fi ganewa, watau kamfanonin dillancin ma'aikata. Dalilin da ya sa muka ga wajibi ne mu yi magana a kansu shi ne, da yawa daga cikin masu karanta wannan mujalla ta ƙofarsu za su shiga duniyar aiki, wasu a matsayin waɗanda za a ba da haya, wasu kuma, musamman masu karatun mulki da kasuwanci da ilmin zamantakewa, a matsayin jami'an da za su riƙa ba da hayar. Ra'ayinmu kuwa guda ne, kuma za mu faɗe shi tun daga farko: wanda yake cin moriyar gumin mutum, shi ne ya kamata ya ɗauki nauyinsa. Duk tsarin da ya ajiye ikon ba da umarni a hannu ɗaya, ya kai alhakin biyan hakki wani hannun, to ya buɗe ƙofar zalunci ko da masu gudanar da shi mutanen kirki ne.

Asalin Sana'ar

Sana'ar nan a sigarta ta zamani daga Amurka ta taso bayan Yaƙin Duniya na Biyu. An kafa kamfanin Kelly a birnin Ditroit a 1946, aka kafa Manpower a Milwoki a 1948, sa'an nan Randstad ya biyo baya a ƙasar Holan a 1960, kuma a 1996 wasu kamfanoni biyu suka haɗe suka zama Adecco. Bukatar da ta haife su ba ta da aibi: idan mai buga tafireta ta kwanta rashin lafiya, ko aikin ƙarshen shekara ya yi wa akawu yawa, sai a nemo wanda zai toshe gurbin na mako biyu ko uku, ya karɓi haƙƙinsa ya tafi.

Mu ma a nan ba baƙi ba ne ga mai shiga tsakanin lebura da mai aiki. A filayen haƙar kuza na Jos, tun zamanin Turawa, heluma shi ne yake tara leburori ya kai wa kamfani, kuma ta hannunsa ake sanin wanda ya yi aiki da wanda bai yi ba. Kakanninmu ba su manta da ɗibar mutane ta dole da aka yi zuwa waɗannan filaye tsakanin 1942 da 1944 ba. Saboda irin wannan tarihi ne Dokar Ƙwadago ta 1974 ta tanadi cewa ba wanda zai yi sana'ar ɗibar ma'aikata ko ya buɗe ofishin sama wa mutane aiki don kuɗi sai da lasisin gwamnati.

Abin da ya sauya shi ne girman al'amarin da kuma irin mutanen da ya shafa. Tun daga shirin gyaran tattalin arziki na 1986, kamfanoni suka koyi cewa hanya mafi sauƙi ta rage kashe kuɗi ita ce rage ma'aikatan dindindin. Zuwan wayar salula a 2001 ya buɗe dubban guraben amsa kiran masu hulɗa da sayar da layuka. Haɗewar bankuna a 2005, lokacin da aka tilasta wa kowane banki ya mallaki jarin Naira biliyan 25 har bankuna 89 suka koma 25, ta haifar da gasar buɗe rassa a kowane lungu, kuma rassan nan ana bukatar a cika su da hannuwa masu araha. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna cewa a ƙarshen 2019 ma'aikatan bankuna sun ɗan haura 100,000, kuma fiye da 40,000 daga cikinsu 'yan kwantiragi ne. Ashe ke nan abin da aka ƙirƙiro don toshe gurbin mako biyu ya zama hanyar riƙe mai digiri shekara da shekaru.

Yadda Kuɗin Yake Gudana

Ba za a fahimci halin da ma'aikatan nan suke ciki ba sai an bi sawun kuɗin. Kamfanin da ke bukatar ma'aikata yakan kira dillalai da dama ya ce kowa ya kawo farashinsa. Farashin nan ya ƙunshi albashin ma'aikaci, da kuɗin fanshonsa, da na asibiti, da sauran abin da doka ta ɗora, sa'an nan da ladan dillalin. Galibi wanda ya fi sauƙin farashi shi ke samun kwangilar. To, ina dillalin zai rage? Hayar ofishinsa ba ta raguwa, ribarsa kuwa ba zai so ya taɓa ta ba. Abin da ya saura mai taushi, wanda za a matsa bai yi ƙara ba, shi ne rabon ma'aikaci.

Dillalin da muka sani a kara, idan ya haɗa mai saniya da mai saye, yakan karɓi la'adarsa sau ɗaya, a yi musafaha, kowa ya kama gabansa. Wannan sabon dillali kuwa la'adarsa ba ta yankewa. Muddin ma'aikacin yana bakin aiki, kowane wata akwai kason da ke tsayawa a hannun wanda ya kawo shi, ko da shekara bakwai ke nan rabon da ya taka ƙafarsa wurin da ake aikin. Haka kuma, wanda dillalin yake tsoron ɓata wa rai shi ne mai biyan kuɗin. Idan manajan banki ya ɗaga waya ya ce ba ya son ganin wane gobe, ba a bukatar tuhuma ko sauraron bahasi: za a ce an mai da shi ga kamfaninsa ne kawai, kamfanin nasa kuma ya ce ya je gida ya jira har a sami wani gurbi. A kan takarda ba wanda ya kore shi, amma albashi ya tsaya.

Abin da Waɗanda Suka Riga Mu Suke Faɗa

Duk wanda ya zauna da tsofaffin ɗaliban da suka bi ta wannan hanya zai ji labarai masu kama da juna, kamar an haɗa baki. Mutum biyu suna zaune a kanta ɗaya, suna ƙirga kuɗi iri ɗaya, suna shan zagin masu hulɗa iri ɗaya, kuma idan lissafi bai cika ba dukansu za su biya daga aljihunsu. Amma ɗaya ɗan gida ne, yana da ƙarin girma da rancen mota da rabon ribar ƙarshen shekara, ɗayan kuwa ɗan haya ne, albashinsa bai kai na abokin zamansa ba ko kusa, kuma matakin da ya shiga da shi a nan zai tsufa. A wasu wurare har katin shaidar da suke ratayawa launinsa daban, domin kada a yi kuskuren ɗaukar bara a matsayin ɗa.

Idan mahaifinsa ya kwanta asibiti ya nemi izinin kwana uku, shugabansa na wurin aiki zai ce masa ai shi ba ma'aikacinsu ba ne, ya tambayi kamfaninsa. Idan ya kira kamfanin, sai a ce masa ba su da ikon sakinsa sai da yardar inda yake aiki. Idan albashi ya makara, amsa ɗaya ce: ba a biya mu ba tukuna. Idan ya je duba asusunsa na fansho bayan shekara biyu, wani lokaci sai ya tarar ana ta yanke kuɗin daga albashinsa amma ba a zuba ba. Mace kuwa da ta sami juna biyu takan yi ta ɓoyewa da manyan riguna, domin ta san kwantiraginta na shekara guda ne, kuma ba wanda zai tilasta a sabunta shi.

Akwai kuma wani tarko da ba a cika lura da shi ba. Manyan kamfanoni da yawa idan za su ɗauki sababbin ma'aikatan dindindin sukan ƙayyade shekarun haihuwa, su ce kada mai nema ya wuce ashirin da 'yan kai. Ɗalibin da yajin aiki ya riga ya cinye masa shekara ɗaya ko biyu a jami'a, ya yi bautar ƙasa, sa'an nan ya karɓi aikin haya da niyyar ya riƙe kafin ya sami na kirki, sai ya farka wata rana ya ga shekarunsa sun haye iyakar. Ya ƙware a aikin, har shi ke koya wa sababbin 'yan gida yadda ake yi, amma ƙofar da suka shigo ta cikinta ta rufe masa har abada.

Su Ma na Ciki Ba Su Tsira Ba

Kada mai karatu ya zaci jami'an da ke zaune a ofishin dillalin suna cikin ni'ima. Da yawansu matasa ne irinmu, waɗanda suka karanta a aji cewa aikin jami'in kula da ma'aikata shi ne ya daidaita bukatar kamfani da jin daɗin ma'aikaci. Ba su daɗe da kama aiki ba suke gane cewa a wannan gida ma'aikaci haja ne, mai sayen hajar kuma shi ne sarki. Ana ɗora wa mai neman ma'aikata adadin guraben da tilas ya cika kafin ƙarshen mako, ko da ya san albashin da aka sa bai isa kuɗin mota ba. Mai shirya albashi ita ce take amsa kiran ɗaruruwan mutane masu fushi a ƙarshen wata, tana ba su haƙuri kan laifin da ba nata ba, alhali ita ma nata albashin bai shigo ba. Wanda aka sa ya miƙa takardun sallama guda talatin da safe, da yamma shi ne zai tsaya gaban sababbin ɗauka yana yi musu jawabin cewa a wannan kamfani duk dangi ne.

Wannan magana ta dangi ta cancanci a tsaya a kanta, domin ita ce ginshiƙin al'adar irin waɗannan ofisoshi. Ana tuno da ita ne a lokacin da ake son mutum ya kai dare a ofis ba tare da ladan ƙarin lokaci ba, ko ya amsa waya ranar hutu, ko ya haƙura da alawus ɗin da aka yi masa alkawari. Ranar da kwangila ta suɓuce aka tashi rage mutane, ba mai sake ambatonta. A gidan Bahaushe idan fari ya zo, ba a korar ƙanana domin manya su ƙoshi. Kowa yakan rage loma. Wanda ba zai iya wannan ba, bai kamata ya ari sunan zumunci ba.

Abin mamaki kuma shi ne, kamfanin da yake sayar wa wasu dabarun sauraron koken ma'aikata, yana shirya musu bita kan adalci a wurin aiki, sau da yawa nasa ma'aikatan ba su da inda za su kai kuka. Mai kamfanin shi ne manajan darakta, shi ne alƙali, shi ne kotun ɗaukaka ƙara. Takardar auna ƙwazo ta ƙarshen shekara, wadda aka ce an yi ta ne don a gyara ma'aikaci, ta zama bulalar da ake ajiye wa mai yawan tambaya. Kalmar ƙungiyar ƙwadago kuwa ba a furta ta sai da raɗa. Lalle Hausawa sun yi gaskiya da suka ce wanzami ba ya son jarfa.

Hujjar Masu Kare Su

Adalci ya wajabta mu saurari ɗaya ɓangaren, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Suna cewa a ƙasar da samun aiki ya dogara ga wa ka sani, kamfanin dillanci yakan ba ɗan talaka wanda ba shi da uwa a gindin murhu damar ya zauna jarrabawa ya ci da ƙoƙarinsa. Suna cewa ƙaramin kamfani mai mutum ashirin ba zai iya riƙe sashen albashi da haraji da fansho na kansa ba, gara ya miƙa wa masana. Suna cewa akwai ayyukan da asalinsu na ɗan lokaci ne, kamar ƙidayar kaya ko tallar sabuwar haja. Daga ƙarshe kuma suna cewa da babu gara ba daɗi.

Mun yarda da ukun farko. Mun kuma san akwai kamfanonin da suke biyan albashi ranar da suka yi alkawari ko da mai kwangila bai biya su ba, suna zuba fansho, suna nuna wa ma'aikaci abin da aka biya a kansa da abin da suka ɗauka, kuma waɗanda suka yi aiki da su suna yaba musu. Saboda haka ba mu cikin masu cewa a haramta sana'ar baki ɗaya. Namibiya ta gwada haka a dokarta ta ƙwadago ta 2007, amma a 2009 Kotun Ƙolin ƙasar ta soke haramcin saboda ya saɓa wa 'yancin yin sana'a.

Hujja ta huɗu ce ba mu karɓa ba. Aikin karɓar kuɗi a kantar banki ba na ɗan lokaci ba ne. Yana nan tun ranar da aka buɗe bankin, kuma yana nan har ranar da za a rufe shi. Da babu dillali, tilas bankin ya ɗauki wani ya zaunar a kujerar nan. Ke nan dillalin bai ƙirƙiro aikin ba, abin da ya yi shi ne ya sauya sharuɗɗansa. Maganar da babu gara ba daɗi magana ce da mayunwaci yake lallashin kansa da ita, kuma yana da haƙƙin ya faɗe ta. Amma idan ta fito daga bakin wanda ya ƙoshi da guminsa, ta zama izgili.

Abin da Doka Ta Ce, da Inda Ta Yi Shiru

Babban makamin mai danniya shi ne jahilcin wanda ake dannewa, don haka ya kamata kowane ɗalibi ya fita da waɗannan a kansa. Sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya wajabta a ba ma'aikaci rubutattun sharuɗɗan aikinsa kafin wata uku su wuce da fara aiki. Sashe na 11 ya ƙayyade sanarwar sallama: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya ga wanda bai kai shekara biyu ba, mako biyu ga mai shekara biyu zuwa biyar, wata guda ga wanda ya kai shekara biyar. Dokar Fansho ta 2014 ta ce mai aiki ya zuba kashi 10 cikin 100, ma'aikaci kashi 8, kuma a kai kuɗin asusu cikin kwana 7 na aiki bayan biyan albashi, in ba haka ba akwai tara. Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai aiki zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi domin wanda ya ji rauni a bakin aiki. A 2024 an mai da mafi ƙarancin albashi Naira 70,000. Sashe na 40 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin shiga ƙungiyar ƙwadago, bai ware ɗan kwantiragi ba. Gyaran da aka yi wa Tsarin Mulki a 2010 ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ikon sauraron ƙararrakin rashin adalci a wurin aiki, tare da la'akari da ƙa'idojin duniya. Daɗin daɗawa, a 2023 Nijeriya ta rattaba amincewarta ga Yarjejeniya ta 181 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka tsara a 1997, wadda kuma ta kafa ƙa'idar cewa kamfanin dillanci ba zai karɓi kuɗi daga hannun mai neman aiki ba. Duk wanda ya ce ka biya kuɗin fom ko ka sallama masa albashin watan farko, to ka san da wanda kake magana.

Sai dai kuma akwai ramuka. Mutane da yawa sun ɗauka cewa sashe na 7 yana nufin bayan wata uku mutum ya zama ma'aikacin dindindin, alhali abin da ya tanada takarda ce kawai. Dokar ba ta faɗi iyakar shekarun da za a riƙe mutum a matsayin ɗan haya ba, ba ta kuma ce a daidaita albashinsa da na ɗan gidan da suke aiki iri ɗaya ba. Bugu da ƙari, ma'anar ma'aikaci a sashe na 91 ta fi karkata ga leburori da akawuna, ta fitar da masu aikin gudanarwa da na ƙwararru. Ma'aikatar Ƙwadago ta fitar da ƙa'idoji kan aikin kwantiragi a 2011, amma na ɓangaren man fetur da gas ne.

Wasu ƙasashe sun toshe waɗannan ramuka. A Birtaniya, tun 2011, ɗan haya da ya yi mako 12 a gurbi ɗaya yana da haƙƙin a daidaita masa albashi da hutu da na ɗan gida. A Afirka ta Kudu, gyaran dokar da ya fara aiki a 2015 ya ce mai ƙaramin albashi da ya wuce wata uku a wuri ɗaya ana ɗaukarsa ma'aikacin wurin ne, kuma a 2018 Kotun Tsarin Mulkin ƙasar ta tabbatar da haka. Kamfanonin dillanci ba su mutu ba a waɗannan ƙasashe. Abin da aka rage musu shi ne ribar da ake samu daga bambanta mutum biyu masu aiki ɗaya.

Gyara Daga Gida

Kafin mu nuna banki da yatsa, ya kamata mu dubi harabar jami'o'inmu. Tun gyare-gyaren aikin gwamnati na zamanin Shugaba Obasanjo, ayyuka irin su shara da gadi a ma'aikatun tarayya da dama aka miƙa su ga 'yan kwangila. Dattijuwar da take share ɗakin kwananmu tun kafin mu tashi, da maigadin da yake kwana cikin sanyin hunturu a bakin ƙofa, mu nawa ne muka taɓa tambayar wa ya ɗauke su, nawa ake biyansu, kuma yaushe rabon da a biya su? A 2015 ɗaliban Afirka ta Kudu, a tsakiyar gwagwarmayarsu kan kuɗin makaranta, sun haɗa kukansu da na masu shara da masu dafa abinci, har Jami'ar Kef Tawun ta amince a watan Oktoba na shekarar cewa za ta mai da su ma'aikatanta, ta kuma aiwatar a 2016. Ɗaliban nan sun gane cewa tsarin da ya mai da mai shara haja, shi ne yake jiransu a bakin ƙofa da digirinsu a hannu.

Saboda haka muna kira da abubuwa huɗu. Na farko, Majalisar Tarayya ta gyara Dokar Ƙwadago ta sa iyaka ga tsawon aikin haya a gurbin da yake na dindindin, ta wajabta albashi ɗaya ga aiki ɗaya, ta kuma ɗora alhakin albashi da fansho a wuyan dillali da mai kwangila tare, yadda ma'aikaci zai iya kama duk wanda ya samu. Na biyu, Ma'aikatar Ƙwadago ta riƙa bayyana sunayen kamfanonin da ke da lasisi a inda kowa zai gani, ta kuma ƙwace lasisin duk wanda aka kama yana yanke fansho ba ya zubawa. Na uku, ƙungiyarmu ta ɗalibai ta shirya wa 'yan ajin ƙarshe bita kowace shekara, a gayyato malaman shari'a da 'yan ƙwadago su koya musu karanta takardar ɗaukar aiki: wane ne ya ɗauke ni, wa zai biya ni, wa zai iya sallamata, ina asusun fanshona. Na huɗu, ƙungiyar ta nemi hukumar jami'a ta bayyana sharuɗɗan da ta gindaya wa 'yan kwangilar shara da gadi, ta kuma sa biyan albashi a kan kari ya zama sharaɗin sabunta kwangila.

Kalmarmu ta ƙarshe ga 'yan'uwanmu ne waɗanda gobe za su zauna a kujerun manajoji a waɗannan kamfanoni. Za a koya muku kiran mutane da lambobi, a nuna muku jadawalin da ke cewa idan an rage kaza za a sami ribar kaza. Ku tuna cewa sunan da ke layi na arba'in na jadawalin nan wataƙila na wanda kuka raba kwanon garau-garau da shi ne a ɗakin kwana, lokacin da kuɗin kowa ya ƙare. Ba mu ce ku ƙi aikin ba, domin sana'a ce halattacciya idan an tsare amana. Abin da muke roƙo shi ne ku faɗa wa mutum gaskiyar sharuɗɗansa tun ranar farko, ku zuba masa abin da kuka yanke da sunansa, kuma ranar da aka ce ku sallame shi ba da laifi ba, ku sami ƙarfin halin tambayar dalili. Ma'aikatan da suka yi yajin gama-gari na 1945, da mahaƙan kwal 21 da aka harbe a Inugu a 1949, ba su da digiri ko ɗaya, amma haƙƙoƙin da muka lissafa a sama a kan wahalar irinsu aka gina su. Abin kunya ne a ce masu ilmi ne za su zo su warware abin da suka ƙulla.

Allah Ya ba mu aikin da za mu ci halaliyarmu da mutunci, Ya kuma kiyashe mu da cin gumin wani.